Akuyar da Ban Taɓa Mallaka Ba

A ƙarshen shekarun casa'in, ina koyarwa a Bungudu, na ƙirƙiri wani labari da bai kai rabin shafi ba, da bakin wani mutum da maƙwabcinsa ya yanka masa akuya. Wata mujalla a Kaduna tana neman gajerun labarai, amma sai bugaggu da tafireta. Na hau mota zuwa Gusau, wajen wani dattijo mai buga wa mutane takardun ƙara a bakin kotu.

Ya karanta, ya dube ni. "Malam, wanga ɗan abu za ka aika ma manya? Ko gaisuwa babu?"

Na tafi sallar azahar, kafin in dawo ya liƙe ambulan. Ashe gwanin ya gyara mini adabi: "ranka ya daɗe" a sama, "ina roƙon a bi mini hakkina" a ƙasa.

Mujallar kuwa ta buga shi, a shafin koke-koken jama'a. Har daga Tsafe aka zo yi mini jaje. Maƙwabcina ya daina amsa sallamata.

Har yau ina rubutu, amma wannan ne kaɗai labarina da ya taɓa zuciyar wani.