Dutsen Da Ya Cinye Injin Labbo

Wata rana ne fa, Labbo na tsugunne yana matse tsumma.

Labbon nan mai injin niƙa dutse ne a wani ƙauyen masu haƙar gwal. Aikin dai, a niƙa dutse ya zama gari, a wanke, a zuba zaiba ta kama gwal, sai a matse a tsumma. Abin da ya rage ciki shi ne rabonka.

Ya buɗe tsumman.

Ko ƙwayar dawa bai kai ba.

Niƙan yini guda kenan fa, jama'a!

Injin nan kuwa gonar gadonsa ya sayar ya saya. Innarsa ta yi magana har ta gaji.

Da farko kam abu ya yi kyau. Jan dutse ake kawo masa, na saman rami, mai taushi, da hannu ma sai ka marmashe shi. Inji na cin sa kamar gyaɗa. Gwal ɗinsa a sake yake, zaiba na taɓawa ta kama.

Sai rami ya yi zurfi. Jan ya ƙare, aka faɗa wani mai launin toka, ga nauyi, ga ƙyalli har yana kashe ido.

To ƙa'idar wurin, kafin ka sayi tsibin dutse sai ka daka kaɗan a turmin ƙarfe, ka wanke a kwano, ka gwada da zaiba.

Labbo ya ce ina! Kafin ya gama daka wani ya riga shi. Wanda ba ya ƙyalli ma ya ba shi gwal, bare wannan?

Ya kwashe duk abin da ya tara ya saye tsibin kaf.

Wallahi daga nan komai ya juye.

Dutsen tauri gare shi kamar me. Ya cinye haƙoran inji. Injin kuwa mai yake sha kamar an huda tanki. Zaiba ta yi baƙi, ta farfashe, ta bi ruwa.

Lakar da aka wanke ta taru ta cika fili, sai ga masu tifa suna neman ta. Ya sayar musu a wulaƙance, har yana murna an kwashe masa shara.

Ranar ɗaukar ƙarshe, direban ashe Mande ne, abokinsa na yarinta.

"Mande, don Allah me ubangidanka ke yi da lakar banza?"

"Banza? Labbo, kai ne ka niƙa masa kyauta. Gwal ɗin yana ciki, kulle yake a cikin ƙyallin nan. Zaibarka ko gaisawa ba su yi ba. Su can suna da wurin da suke sarrafa ta har ya fito."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Ni na zaci ka gwada a kwano, mutumina."

Labbo ya kalli filin. Tas, an share.

Ba a yi nisa ba, tifar Manden ce dai ta dawo. Wannan karon injin ta ɗauka, a kuɗin tsohon ƙarfe.

Yanzu Labbo yana fasa dutse a injin wani. Hanyarsa kuma ta gefen tsohuwar gonarsa take, geron wasu ya fi shi tsayi. Inna ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ya ce shirun nan ya fi masa ciwo.

Darasi: Dutse ba ɗaya ba ne, ko da rami ɗaya ya fito. Abin da ya ci da kai jiya ba dole ya ci da kai yau ba. In kaya suka canza, koma ka gwada, ko da wani zai riga ka.

Ku tura wa ɗan'uwan da kuka san ya kusa zuba jarinsa a wani abu.

Kai fa, abin da ka ƙwallafa wa rai yanzu, ka daka shi a turmi ko kallonsa kawai ka yi?