Tumatir Mai Jan Ƙyalle

Baba Mai Bokiti muke ce masa a layinmu, don tun da ya ajiye tuƙin babbar mota ban taɓa ganin hannunsa babu bokiti ba. Katanga ce kawai tsakanina da shi. A bayan gidansa akwai wani ɗan fili da ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta yi ƙorafin matsi, amma nan ya cusa albasa, latas, barkono da tumatir. Idan zafi ya kankama, ƙasa ta ƙandare, mu muna neman inuwa, shi yana kai da kawowa tsakanin rijiya da kunyoyi, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Nakan leƙa in ce, "Baba, tumatir ɗin nan fa ko a kasuwa akwai shi."

"Wancan ruwa ne aka sa wa jar riga," in ji shi. "Sauka min daga katanga kafin tumbinka ya rushe ta."

Tumatir ɗin nasa mummuna ne, duk ya tattare kamar dunƙulen hannu, amma ɗaya ya isa tukunya. Irin marigayiya matarsa ne, ita ma wurin uwarta ta samo, kuma da shi aka yi miyar da ta raini yaran gidan kaf. Kowace shekara sai ya zaɓi waɗanda suka fi ƙoshi ya ɗaura musu jan ƙyalle a kara. Waɗannan ba na ci ba ne. Sai sun nuna sun yi luguf zai matse, ya wanke irin, ya shanya a faranti.

Bana zafin ya zo da mugunta. Shukar farko ta ƙone tun tana reno, ya juye ragowar irin duka ya sake. Ta kama, ta yi 'ya'ya, ya ɗaura ƙyallensa. Sai wata rana da azahar aka tsince shi kwance a tsakanin kunyoyi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Yana asibiti lambun ya zama maraya. Babban ɗansa, mai walda, ya kwaso matarsa suka dawo gidan don jinya, amma ban ruwan sai in an tuna. Abin da ya nuna aka cinye, sauran rana da tsutsa suka raba. Masu jan ƙyallen ne kaɗai suka rage.

Ranar da mai walda ya tafi ɗauko Baba daga asibiti, surukar ta ce bari ta tarbi tsoho da abin da yake so. Ina cikin masu sannu da zuwa aka kawo kwanon. Baba ya kai loma, ya tsaya da tauna.

"'Yata," ya ce, harshensa yana ja, "ina kika samo tumatir?"

"Waɗanda ka ɗaura wa ƙyalle, Baba. Na ga ka ware su, na ce su ne na musamman."

"Duka?"

"Duka. Sai da na tsaya a kan mai markaɗe ya yi min shi sumul."

Mai walda ya sunkuyar da kai. Ni da ba a raba ni da magana, sai na tsinci kaina ina duba takalmina. Baba ya cinye abincin tas, ya suɗe kwanon da hannunsa mai lafiya.

"Allah ya yi miki albarka. Miya ta yi daɗi."

Daga baya ɗan ya sayo iri a shago ya shuka, ya ce wai a wani tsohon gwangwani ya tsinci na gidan. Da ya tsiro, muka ɗauko Baba a kujera zuwa bakin kunya. Ya miƙa hannu ya murza ganye ɗaya, ya daɗe yana kallonsa.

"'Ya'yan waye waɗannan? Na uwarku ganyensa faɗi gare shi."

Ya saki ganyen.

"Ku mai da ni ɗaki, rana ta yi."

Sabon tumatir ɗin ya yi 'ya'ya, santala-santala, gwanin kyau. Ana zuba masa a miya yana ci. Bai ƙara cewa a fito da shi ba.