Babur ɗin da Yaya Sule bai ji zuwansa ba

Shekara uku ke nan da muka rasa yayana Sule a Sheme, a kakar da mai ya yi tsada har 'yan acaɓa suka koyi kashe inji in sun kama gangara. Masara yake shanyawa a gefen kwalta, kamar yadda kowa ke yi a garinmu bayan girbi. Ya ba titi baya yana baza ta da ƙafa. Wani mai babur ya gangaro da inji a kashe, ɗauke da buhu biyu, birki ya ƙi kamawa. Yaya bai waiwaya ba, don bai ji komai ba.

Mu mutanen Faskari da Sabuwa da kunne muke tsallaka titi, halin da ƙasarmu ta shiga kuma ya ƙara koya mana sauraron babura. Yaya ya fi kowa iyawa. Daga zaune zai ce wannan na mai kemis ne, wancan baƙo ne, a shigar da yara gida. Yakan tsokane ni wai kunnuwana kamar faifai, amma ba sa jin komai sai kiran tuwo.

Makon jiya a kasuwar Ƙanƙara babur mai caji ya goge ni a gwiwar hannu. Iskarsa kawai na ji. Mai shi ya tsaya ya ba ni haƙuri cikin ladabi, sannan ya shiga yabon abin hawansa, wai ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Na ce masa ai da ƙarar muke tsira.

"Baba, akwai hon fa," in ji shi.

Na ce hon sai ka ga mutum, sai kuma ka tuna ka danna.

Tun ranar ban sami sukuni ba. Ko a ajin yaƙi da jahilci, hannuna na kan takarda, hankalina na bakin kwalta, inda Hajara, matar marigayi, ke shanya barkono har yau. Na yi mata magana, ta ce in nuna mata wani fili mai tsabta da awaki ba sa shiga. Ba ni da shi. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu ya riga ya ƙone sau ɗaya.

Da Yaya na raye ba na jin zai ƙi wannan babur, mutum ne mai son sabon abu. Ina jin ƙararrawa zai nemo ya ɗaura wa kowanne, ya bi shugabannin 'yan acaɓa da naci har su mayar da ita doka. Ni ma abin da nake roƙo ke nan, tun kakar bana ba ta yi nisa ba.

Babban ɗansa ya gaji kunnensa, yana kuma alfahari da shi, ni kuwa wannan gadon ne ke ba ni tsoro yanzu. Allah ya jiƙan Yaya. Mun rasa mutum ɗaya, yara huɗu sun rasa uba, gona biyu sun yi damina uku ba a noma su ba.