Kawu Isuhu da 'Yar Jagorarsa

Duk wanda ya san Kawu Isuhu, yayan mahaifiyata, ya san ba ya taka ƙofar gida sai ya tsaya tsakar gida ya ɗaga na'urarsa sama kamar mai roƙon ruwa. GPS ce ta hannu, masu haƙa rijiyar burtsatse suka bar masa bayan ya yi musu rakiya, shi kuma ya raɗa mata 'Yar Jagora. In na ce, "Kawu, kokonka zai huce," sai ya ce, "Ɗiyata, bari ta gaisa da tauraro tukuna."

Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye muka dawo Jibiya, gidana ya zauna. Abu ɗaya ya hana shi sakat: kabarin matarsa, Inna Hure, da muka baro can. Tsoronsa daji ya cinye wurin a rasa inda take. Shi ya sa ya sa alamar kabarin cikin na'urar, kuma duk Juma'a bayan masallaci sai ya hau tsohon kekensa ya je ya share wurin. Ni kuwa in wuni leƙen zaure. Wallahi har na gaji da roƙonsa.

To, 'Yar Jagora miƙe take nuna hanya, Kawu kuma ba ya musu da ita. Rannan ya ratsa gonar wani mutumin Mazanya da ƙafa, keke a kafaɗa. Mai gona ya ce, "Haba Malam! Ba ka ga hanya ba?" Kawu ya nuna masa kibiya: "Na gani mana. Kai ne ka shuka gero bisanta."

Wata rana kuma ya ɓulla ɓangaren Nijar. Jandarmomi suka tare shi: "Tsoho, ina takarda? Ka shigo ƙasarmu." Ya duba na'ura, ya dube su. "A'a, ku kuka shigo tamu. Ku ɗan ja baya." Dariya ta hana su faɗa. Shayi suka ba shi, suka ɗora shi da kekensa bayan motar hatsi.

Batir kuwa, sabo haramun ne! Tsofaffin yake shanyawa a faifaina cikin kuɓewa, wai rana na cika su. Saura kaɗan in daka ɗaya a turmi. Na ce, "Kawu, yau da ka ci miyar batir!" Ya ce, "Da na hau tudun Magama ban sauka ba."

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya damƙa mini ita. "Kada kowa ya tafi, hanya ba kyau."

"Kawu! Yau kai ke faɗa?"

"Na daɗe da sani. Ke dai kada ki bari ta mutu."

Nan Jibiya aka binne shi, nesa da Inna Hure. Har yau hanyar ba ta biyuwa. Duk Juma'a nakan tsaya tsakar gida in ɗaga ta sama, kibiyar ta juya ta nuna inda Inna take, in yi musu Fatiha. Kawu, ka yafe mini, sabon batir nake sa mata.

Ya Allah, Kai da babu kabarin da ke ɓace maKa, Ka jiƙan su, Ka haɗa su a Aljanna, mu kuma Ka buɗe mana hanyar gida. Amin.