Shafin da Matata Ta Lanƙwasa

Shekarar da mutane suka yi ta gudowa daga wajen Mubi, wani malamin sakandare ya kama ɗaki a gidan hayarmu a Jimeta. Littattafan Turanci uku kawai ya tsira da su, duk labaran mutanen da ke tafiya cikin taurari. Matata ta yi sakandare. Ni kafinta ne, lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

Ta ari ɗaya. Da la'asar in na dawo sai in tarar da su a tsakar gida, ita a bakin murhu, shi a kan benci, suna gardama. A labarin, wai mutanen wani jirgin sararin samaniya auren shekara biyar suke yi, in ta cika sai mace ta ce a sabunta ko a rabu. Ticha ya ce akwai adalci a ciki. Ta yi wata dariya da na daɗe ban ji ba. Auren namu kuwa shekararsa goma sha biyar.

Rannan na ga ta lanƙwasa kusurwar wani shafi. Kunya ta hana ni ba kowa ya karanta mini. Na shiga ajin yaƙi da jahilci, na fara da Hausa. Da muka kai Turanci sai na riƙa kwafo kalma biyu ko uku daga shafin ina kai wa malamarmu, a hargitse, don kada ta gane zancen. Ticha ya koma garinsu ya bar mata littafin, ni ina nan ina haɗa kalmomi a bayan takardar awon katako.

Da kalmomin suka haɗu, ashe wata mata ce a labarin ke gaya wa mijinta ba za ta sabunta ba, don likitan jirgin ya fi shi sauraronta.

Na yi kwana uku da abin a ciki kafin na ajiye mata littafin a buɗe. Ta dube shi, ta dube ni.

"Maigida, kai ka karanta wannan?"

Na ce ni ne. Na tambaye ta me ya sa nan ta lanƙwasa.

"Nan muka saɓa da Ticha. Ka juya shafin kuwa?"

Ban juya ba. Ta ce bari ta gaya mini abin da ya biyo baya, na ce ta bar shi. Ban so in ji a bakin da ya riga ya tattauna shi da wani. Washegari na kwafi kalma uku daga sabon shafin na tafi aji.