Gonar Baba Da Masu Sayen Dutse

Wannan watan ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar mahaifina, Alhaji Bukar, ɗan canji a Wapa, nan Fagge. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma tsoro ya hana ni.

Baba mutum ne mai gudun sabon kuɗi, har abokan sana'arsa na yi masa tsiya. Duk sanda gwamnati ta sauya kuɗi, ba ya taɓa sabon sai ya tsaya bakin titi ya ga mai ƙosai ta karɓa. Daga kakanmu ya gaji abin. Da Turawa suka ce sun daina karɓar haraji da wuri, sai da kuɗinsu na ƙarfe, Kaka ya wayi gari da buhunan wuri da ba sa sayen ko gishiri. Kuɗin ƙarfen kuwa sai a ramin kuza na kamfanonin Turawan ake samunsu. Ya jinginar da gonarsa ya tafi haƙa, ya dawo da tarin da ya yi ajalinsa. Baba ya sha wuya kafin ya fanso gonar, can kudancin Kano.

Yanzu ga wasu baƙi 'yan ƙasar waje sun sauka a wani otal a Sabon Gari, wai akwai dutsen da ake yin batir da shi a ƙarƙashin gonar. Kamfani biyu ne ma ke rigima a kanta, kowanne na cewa shi hukuma ta ba izini. Mu masu gona ba wanda ya tambaye mu sai da aka zo buƙatar sa hannu.

Ƙanena Mustafa, mai shago a Kasuwar Singa, bai farfaɗo ba tun canjin kuɗin nan da ya wuce, kuma ban ga laifinsa ba da ya ƙagu a sayar. Shi ya kai ni otal ɗin. Rabin kuɗin za su ba mu da dala, rabin kuma da wata takarda, wai mun zama masu rabo a kamfani.

"Yaya, duk magada sun sa hannu, ke kaɗai kika rage," in ji Mustafa. "Don Allah kada ki ba ni kunya."

Na ɗauki biro. Sai na ji bakina ya tambayi tafintansu, "Malam, wannan takardar mai ƙosai za ta karɓa?"

Ya fassara musu, suka tuntsire da dariya. Na ajiye biron na fito, na tare adaidaita zuwa gida, Rijiyar Lemo.

Da Baba na raye ban san me zai ce ba. Wataƙila ya sa mini albarka, wataƙila ya ce na raba masa kan 'ya'ya, don yau wata biyu Mustafa bai taka gidana ba. Jarumta dai bai bar mini ba, Allah ya jiƙansa. Tsoronsa ya bar mini, kuma tsoron nan kaɗai ke riƙe da gonar.

Ko tsoron ma ban san kwana nawa zai iya riƙe ta ba. Shekaranjiya mai yi mana noma ya bugo waya, ya ce motocin haƙa sun shiga gonar maƙwabcinmu, kuma an kafa turaku masu jan fenti a cikin tamu.