Haddar Lissafi

Ni mutum ne mai saurin fushi, ɗalibaina ma sun shaida. Shi ya sa da aka kawo manhajar duba lissafi makarantarmu ta Ƙofar Jatau na ce ban yarda da ita ba, kowa ya ce halin Malam ne ya motsa. Yaro zai amsa tambaya a waya, nan take ta ba shi maki. In ya ci ta nuna kore, in ya faɗi ta nuna ja, sannan ta faɗa masa amsar daidai. To, a nan gizo ke saƙa.

Waɗanda suka ƙera abin ba su san yaran cikin birni ba. Yaron da ya haddace izu-izu tun bai iya wanka da kansa ba, amsar lissafi ce za ta gagare shi? Tambayoyin ba sa canzawa, juyawa kawai suke yi. Da yara suka gano haka sai suka riƙa zama a zaure suna biya wa juna amsoshi, har da tilawa. Kafin zango ya ƙare ajina ya zama kore shar.

Cikinsu akwai 'yar yayana. Mahaifinta ɗinkin babbar riga yake yi, idanunsa sun fara gajiya, kuma burinsa guda ne: ta ci lissafi a jarrabawar fita sakandare, ta shiga makarantar koyon jinya. Wata rana na zaunar da ita a tsakar gida, na ɗauko tambaya daga manhajar na sauya lamba ɗaya. Ta zuba mini tsohuwar amsar ba ko gargada.

"Ta yaya kika samo?" na tambaye ta.

"Baffa, ai haka take."

Na ajiye wayar.

Na je wa shugaban makaranta da roƙon a dawo da darasin bayan la'asar, inda nake bin aikin yaro layi-layi da jan biro in ga inda ya ɓace. Ya juyo mini kwamfutarsa. "Haba Malam, ajin da ya fi kowane aji maki ne zai zauna darasin gyara? Me zan ce wa iyaye?" Na ɗaga murya, aka ce kishi nake yi da na'ura.

Yayana ma dariya ya yi. "Kai dai tun kana yaro ka cika ƙorafi. Kullum sai an turo mini yabon yarinyar nan a waya."

Na ja yarinyar gida muka koma kan kasafi, su rabi da kwata, abin da ya kamata ta sani tun ƙaramar sakandare. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sakamako ya fito, ta faɗi lissafi. Makaranta ta ɗora laifin a kan tsoron jarrabawa, ta kuma sa ƙananan azuzuwa a manhajar. Yanzu in na bi lungu ina jin su suna biyawa, raina ya yi ta ƙuna, ba abin da zan iya.

Bayan fitowar sakamakon na iske yayana a zaure, allura a soke jikin riga, ya kara waya dab da idonsa. Ba a cire sunanta daga manhajar ba, saƙo ya sake shigowa.

"Karanta mini," ya ce.

Na karanta masa. Ana taya shi murna, 'yarsa ce ta ɗaya a lissafi.